Ƙayar da 'yan sanda ke shimfiɗa wa mota, da sakan 30 ɗin da ke biyo baya

Duk wanda ya jima yana tuƙi ya san wannan: ƙusa takan shige taya ta yi zamanta, mutum ya yi ta zirga-zirgarsa kwana uku, kwana huɗu, bai san da ita ba. Sai ran da ya lura ƙafar motar ɗaya ta ɗan kwanta, ya gangara wurin mai faci. Shi kuma ya shafa ruwan sabulu a jikin robar, ya nuna masa inda kumfa ke tsatstsafowa kaɗan-kaɗan a gefen kan ƙusar. Yana sa filaya ya zaro ta, sai iska ta ɓalle da ƙara kamar dama jira take yi. Ashe ƙusar da ta huda tayar ita ce ta tsaya a bakin hujin ta toshe shi.

Daga nan ya kamata a ɗauko zancen abin nan da 'yan sanda ke jefawa a gaban motar da ta ƙi tsayawa. Mutane da yawa sun gan shi a bidiyo: jami'i ya fito daga gefen titi, ya wurga wani abu mai kama da tabarma ko dogon sanda, motar da ake bi ta taka, shi kuma ya fizge kayansa. Abin da ke ɗaure wa mai kallo kai shi ne motar ba ta tsayawa. Wucewa take yi da gudunta kamar ba abin da ya same ta, har wani ya ce ai abin bai ci ba. Ya ci. Haka aka ƙera shi, kuma duk amfaninsa da duk haɗarinsa a cikin wannan jinkirin suke.

Da ƙusoshi ne kawai aka kakkafa a jikin katako, ɗayan biyu ne zai faru. Ko dai ƙusa ta shiga ta toshe hujinta, domin tun shekarun 1950 tayoyin ƙananan motoci suka fara rabuwa da tiyub, aka koma masu wata shimfiɗar roba ta ciki da ke damƙe duk abin da ya soke ta. Ko kuma ƙusar ta ƙi barin katakon, taya ta fizga, roba ta yage, iska ta fice gaba ɗaya lokaci guda. Na farkon bai tsinana komai ba. Na biyun kuwa shi ne fashewar taya ana tsakiyar gudu, abin da kowane direba ke neman tsari da shi. In ta gaba ce, sitiyari ya fizge zuwa ɓangaren da ta fashe. In ta baya ce, bayan motar ya fara lilo, daga nan sai ƙwacewa, sai ƙundumbala. Kuma ba wanda ya san su wa ke cikin motar. Wataƙila ɓarawo ne shi kaɗai. Wataƙila akwai wanda ya sato a kujerar baya, ko yaron da ke barci lokacin da aka ɗauke motar, balle masu tafiya a ƙafa da motocin da ke tahowa ta ɗaya hannun.

Dabarar da ta warware wannan 'yar ƙarama ce. Aka yi ƙayar da rami a cikinta, kamar allurar asibiti. Kowace ƙaya ɗan bututun ƙarfe ne mai tsini, kuma ba a kafe ta da ƙarfi a mazauninta ba. Taya na hawa kanta sai ta soke ta, ta baro mazaunin, ta bi tayar. Roba ta damƙe ta yadda take damƙe ƙusa, sai dai wannan karon ƙofa ce a buɗe ta damƙe. Iska ta riƙa zurarewa ta cikin bututun daidai faɗin raminsa, ba ƙari. Taya ɗaya takan kwashi ƙayoyi da dama, kuma masu ƙera kayan suna cewa cikin sakan 20 zuwa 30 ta sace. Direba zai ji sitiyari na ƙara nauyi, motar na jan ƙafa, amma har yanzu tana hannunsa.

Iri biyu ne suka fi shahara, dukkansu kuma daga hannun 'yan sandan manyan hanyoyi na Amurka suka fito, mutanen da suka san abin da bin mota ke jawowa. Ɗaya shi ne Stinger na Donald Kilgrow, tsohon ɗan sandan jihar Utah. Shi tattarewa yake yi kamar ƙofar ƙarfen nan mai naɗewa, ya shige 'yar akwati. In an wurga shi ko an ja igiyarsa sai ya miƙe ya gitta titi, ƙayoyinsa a tsaitsaye. A Birtaniya sunan ya bi bakin mutane har kusan duk abin sace taya Stinger ake ce masa. Ɗayan shi ne Stop Stick, wanda wani ɗan sandan jihar Indiana ya fito da shi a farkon shekarun 1990. Sanda ne mai fuska uku, tsawonsa ƙafa 3, wato wajen santimita 90, da ƙayoyi 36 a ɓoye cikin kwanson roba, ta yadda mutum zai ɗauke shi da hannu bai soke shi ba. Akan zura uku a cikin doguwar jakar yadi, a ɗaura mata igiya mai tsawon ƙafa 80. Nauyin mota ne ke murƙushe kwanson ya tona ƙayar.

Fuska ukun nan ba don ado aka yi su ba. Duk yadda sandan ya faɗi, akwai tsinin da ke kallon sama, kuma wannan hikima ta girmi mota nesa ba kusa ba. Sojojin Rum na dā suna da wani ɗan ƙarfe mai ƙafa huɗu, in ka watsa shi ƙafa uku su dafa ƙasa, ɗaya ta miƙe. Tribulus suke ce masa, sunan da masana tsirrai ke kiran tsidau da shi har yau, ƙayar nan da duk ta inda ka taka ta sai ta same ka. A yaƙin Nisibis na shekarar 217 Rumawa sun riƙa watsa su suna ja da baya, dawakai da raƙuman mayaƙan daular Parthia, mai mulkin ƙasar Farisa a lokacin, suka afka ciki, raƙuman suka fi jin jiki saboda taushin tafin ƙafarsu. A Yaƙin Duniya na Biyu hukumar leƙen asirin Amurka ta wancan lokaci, OSS, ta ƙera irinsu da bututu, don masu zagon ƙasa su watsa a hanyar motocin abokan gaba. Ke nan ramin ma ba sabo ba ne. Abin da 'yan sanda suka ƙara shi ne igiya, a iya shimfiɗawa a kuma iya janyewa.

Yanzu a ɗan yi lissafi, don a nan ne mutane suka fi kuskuren fahimta. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cinye mita 33 a kowane sakan. Sakan 30 ke nan kilomita guda cur. Kafin tayar ta gama sacewa, motar ta bar wanda ya jefa mata ƙaya can baya. Bayan ta sace ma ba a gama ba. Wanda ya ƙudurce gudu zai ci gaba a kan roba a kwance, robar ta ɗau zafi ta tsattsage ta zube a titi, ya koma kan tsurar rim yana tartsatsin wuta, kuma an sha ganin haka na kilomitoci. Ƙayar ba birki ba ce. Gudu take rage masa, ta rage masa iko da motar, har a kai inda za a iya kewaye shi ko ya haƙura ya fita da ƙafa. Shi ya sa mai shimfiɗa ta, kafin ya dubi motar da ke tahowa, sai ya dubi abin da ke gabanta. In kwana ce mai kaifi, ko gangara, ko gada, ko mararraba mai cunkoso, ko ƙofar makaranta, to ya tura mota mai sacacciyar taya daidai wurin da ta fi bukatar taya.

Sai kuma shi kansa mai shimfiɗawar. Ka ɗauka kai ne, da tsakar dare, a gefen babbar hanya. Oba-oba na gaya maka motar ta wuce wuri kaza, ja ce, tana hannun dama, motocinku biyu na biye da ita. Ka buɗe but ka ɗauko jakar, ka wurga ta can ɗaya gefen titin, ka dawo kana warware igiya, ka bar ta kwance a kan kwalta don motocin bayin Allah su taka ta su wuce lafiya. Ka nemi abin fakewa. Sai ga fitilu sun ɓullo. Wace ce a cikinsu? In ka ja da wuri, direban ya hango ya kauce, ko ka sace tayar wanda bai ji ba bai gani ba. In ka makara, ya wuce. Motar da ke mita 100 daga inda kake, sakan 3 ya rage mata. Ka ja, ta taka, sannan ka sake fizgewa da sauri kafin abokan aikinka su iso su ma su taka, wanda shi ya sa ake umartar masu bi su ja baya tun kafin a kawo wurin. A wajen horo kuma ana ta nanatawa: kada ka kuskura ka naɗa igiyar a hannu ko a yatsa, domin in sandan ya maƙale a ƙarƙashin motar, da hannun za ta tafi.

Wanda ke gudu kuwa yana da ido. Yana hango abu a kan titi zai karkata, kuma inda babu ƙaya shi ne gefen hanya, daidai inda mai igiya ke tsaye. Wani tsoro ne ke karkatar da shi, wani da gangan yake yi. Motar 'yan sanda da aka ajiye a gefe ba mafaka ba ce, in an daka ta ita ce za ta danne wanda ya laɓe a bayanta. Abin da ke karewa sai ginshiƙin gada, ko katangar kankare, ko ƙatuwar bishiya, kuma ba ko'ina ake samunsu ba.

A watan Janairun 2001 haka aka kashe James Affleck, ɗan sandan jihar New South Wales ta Ostareliya, a kan babbar hanyar Hume. A Yulin 2008 Saja Derek Wootton ya rasa ransa a Titahi Bay, a New Zealand, yana cikin shimfiɗa ƙayar. A ranar 5 ga Oktoban 2015, cikin dare, wata akori-kura da aka sato ta banke Dave Phillips na rundunar Merseyside a garin Wallasey da ke Ingila. Shekararsa 34, ya bar mata da 'ya'ya mata biyu ƙanana, matashin da ke tuƙin kuma aka ɗaure shi shekara 20. A Amurka, wani gargaɗi da hukumar FBI ta fitar a 2012 ya ƙirga jami'ai 26 da suka mutu a bakin wannan aiki tun daga 1996, 5 daga cikinsu a 2011 kaɗai. A wannan shekara ta 2012 rundunar 'yan sandan birnin Dallas ta hana jami'anta amfani da ƙayar baki ɗaya.

Abin da ke ci mini rai a nan shi ne yadda aka raba kulawar. An zauna an yi dogon tunani a kan lafiyar wanda ke gudu, aka auna faɗin rami, aka ƙirga sakan-sakan don kada motarsa ta kife, kuma hakan daidai ne, rai ai rai ne. Amma wanda aka miƙa wa igiya aka ce ya tsaya taku kaɗan daga mota mai gudun 120, shi an bar shi da saurin ƙafarsa da addu'a. Yanzu akwai waɗanda ake ajiyewa a gefen hanya a sarrafa su daga nesa, su miƙe su koma da kansu. Sun fi tsada, sun fi nauyi, kuma sai an riga motar isa wurin da ɗan lokaci. Duk da haka, a ganina, rundunar da ba za ta iya sayen irinsu ba, ba kuma za ta iya maimaita wa jami'anta horo a kai a kai ba, hukuncin Dallas ne ya fi dacewa da ita.

Akwai kuma waɗanda ba a shimfiɗa wa ƙayar. Babur ne a kan gaba. Ƙafa biyu gare shi, in ɗaya ta sace a guje faɗuwa ce ba makawa, don haka ƙa'idojin rundunoni da yawa suna ɗaukar sa wa babur ƙaya daidai da harbi, ba a yi sai a halin da doka ta yarda a ɗauki rai. Haka tankar mai ko ta gas, da bas mai cike da fasinja, sai in barinsu ya fi tare su muni. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa shimfiɗa ƙaya amfani da ƙarfi ne a kan mutum, ba a sahun fitilar hanya ko allon gargaɗi take ba. Kotun Ƙolin Amurka ta aza wannan tushe a 1989 a shari'ar Brower, inda 'yan sandan gundumar Inyo a California suka gitta tirela a kan hanya cikin dare, wanda suke bi ya afka mata ya mutu. Kotu ta ce duk abin da hukuma ta girke da niyyar tsayar da mutum, in shi ne ya tsayar da shi, to kamu ne, kuma dole a bincika ko an yi shi bisa hankali.

Shari'ar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Mullenix. A watan Maris na 2010, a arewacin Texas, wani mai suna Israel Leija ya gudu wa 'yan sandan da suka zo da takardar kama shi. Aka bi shi minti 18, yana gudun da ya haura kilomita 135 a awa. Sau biyu yana buga waya ofishinsu yana cewa yana da bindiga, zai kuma harbi jami'ai in ba a daina binsa ba. Aka shimfiɗa ƙaya a ƙarƙashin wata gada. Wani jami'i, Chadrin Mullenix, ya tsaya a kan gadar da bindiga ya ce zai harbi injin motar. Na gaba da shi ya ce a dakata a ga ko ƙayar za ta ci, kodayake an yi jayayya ko ya ji umarnin. Ya harba sau 6. Ba ko ɗaya da ya samu injin, 4 suka samu Leija ya mutu, motar ta ci gaba ta taka ƙayar da aka tanadar mata sannan ta wuntsila. A 2015 Kotun Ƙoli ta ce jami'in yana da kariya daga ƙarar diyya, kuma cikin dalilanta har da cewa ƙayar na jefa wanda ke riƙe da ita cikin haɗari, ba kuma kullum take ci ba. Mai shari'a Sonia Sotomayor ce kaɗai ta saɓa, ta nuna cewa tsakanin harbin da isar motar kan ƙayar bai kai sakan ɗaya ba. Dubi yadda abu ya juya. Kayan da aka ƙera don a kauce wa harsashi, rauninsa ne ya koma hujjar harsashi.

Duk wannan yana komawa ne kan tambayar da aka fi tsallakewa: tun farko me ya sa ake bin motar? Alƙaluman ma'aikatar shari'a ta Amurka sun nuna daga 1996 zuwa 2015 wajen mutum 355 ke mutuwa duk shekara a haɗurran fafarar mota, kusan mutum ɗaya ke nan kowace rana. Binciken jaridar USA Today na 2015 ya ƙirga fiye da 11,500 daga 1979 zuwa 2013, sama da 5,000 a cikinsu fasinjoji ne da masu wucewa. Da yawa daga cikin waɗannan tsere ƙaramin laifi ne mafarinsu, karya dokar hanya, ko takardun da suka ƙare, ko motar sata. Mai gudu yakan taka totur ne gwargwadon jiniyar da ke bayansa, in aka janye yawanci yakan sassauta. A 2023 ƙungiyar nazarin aikin 'yan sanda ta Amurka, PERF, ta ba da shawarar kada a bi mota sai in an aikata laifin tashin hankali, kuma mai laifin barazana ne ga rayuka a daidai wannan lokacin. Na yarda da su ɗari bisa ɗari. Motar da aka ɗauki lambarta yau ana iya tarar da ita gobe a ƙofar gida, an kashe injin.

Sauran dabarun duk neman rage wannan haɗari suke yi. StarChase na harba wata 'yar na'urar bin sawu mai danƙo ta manne a bayan mota, sai a janye a bi ta a kwamfuta. Grappler na zura raga daga gaban motar 'yan sanda ta naɗe tayar baya. Akwai tunkuɗar gefen baya don motar ta juya, akwai kewaye ta da motoci a matse ta a hankali kamar yadda 'yan sandan Birtaniya ke yi, kamfanin General Motors kuma yana iya rage wa motar ƙirarsa da aka sato ƙarfin inji daga nesa ta hanyar tsarinsa mai suna OnStar. Ita ƙayar ma tana da mai ƙure ta: tayoyin nan masu ƙarfafan gefe, waɗanda ke iya tafiyar wajen kilomita 80 a kan gudun 80 ba iska ko kaɗan.

Waɗanda ake kafawa dindindin a ƙofofi wani dangi ne daban. Akwai haƙoran ƙarfe na wuraren ajiye motoci, masu kwantawa in ka bi ta daidai, su tsaya su yage taya in ka biyo ta baya. Akwai manya na ƙofar barikin soja da ofishin jakadanci, waɗanda ake ɗagawa da inji. Su ba ruwansu da sace iska a hankali, yanka suke yi. Amma kada mai gida ya ga haƙora a ƙofarsa ya saki jiki. Nauyin mota da gudunta ba a cikin taya suke ba. Babbar motar da ta taho a guje, ko an yanke mata tayoyi duka, za ta ci gaba da zamiya mita da yawa, kuma wanda ya zo da niyyar mutuwa wannan tazarar ta ishe shi. Duniya ta koyi darasin mota a matsayin makami da tsada, daga harin Bairut na 23 ga Oktoban 1983 da ya kashe sojojin Amurka 241, zuwa na birnin Nice a Faransa ranar 14 ga Yulin 2016, inda babbar mota ta hallaka mutum 86. Abin da ke tsayar da irin wannan cak shi ne ginshiƙan ƙarfe da aka binne gindinsu a kankare, masu ƙarfin cikinsu akan gwada su da mota mai nauyin kilo 6,800 tana gudun kilomita 80. A 2017 'yan sandan Landan suka fito da wata raga mai ƙaya, Talon, wadda mutum biyu ke shimfiɗawa cikin ƙasa da minti ɗaya. Ita tana sokewa ne ta kuma naɗe tayoyin gaba har su daina juyawa, an kuma ce tana iya riƙe mota mai tan 17.

Akwai wani abu da ba zan iya wucewa ba. A ƙasashe da dama, musamman inda kuɗin kayan aiki ya yi ƙaranci, abin da ake gani a shingen bincike katako ne ko faifan ƙarfe da aka jera wa manyan ƙusoshi ko guntayen rodi masu tsini, an ɗaura masa igiya. In shingen na da haske, an sa alamar gargaɗi tun daga nesa, motoci na tahowa a hankali, to yana aikinsa: direba ya gani, ya tsaya, a janye masa. Amma a jefa shi a gaban motar da ke gudu, an koma kan matsalar da aka ƙera ƙaya mai rami don a guje mata. Ƙusar ba ta da rami, ba ta barin katakon, abin da za ta iya yi kawai shi ne yage taya ko ta ɗaga katakon ya shige ƙarƙashin mota. Ga mota cike da mutane wannan hukuncin kisa ne a kan laifin da direba ne kaɗai ya yi, in ma laifin ne. Domin da dare, ba fitila, ba allo, ba motar hukuma mai tambari, ta yaya direba zai bambance jami'i da ɗan fashi? Rundunar da ke son a tsaya mata sai ta bari a gane ta tun daga nesa. Kuma duk lokacin da aka ja ƙaya a gaban mota ya kamata a rubuta wa ya ja, a kan wane dalili, wa ya ba da umarni, in kuma tayar marar laifi aka lalata a biya shi.

Tsoron nan na direba ba na banza ba ne, don masu laifi sun daɗe da ɗaukar dabarar. A Meziko masu fataucin miyagun ƙwayoyi na watsa lanƙwasassun ƙusoshi da aka yi wa walda a bayansu, ponchallantas ake ce musu, don su sace tayar masu binsu. A Chile da Ajantina miguelitos ne sunansu. Abin ya yi yawa a kan iyaka har jihar Texas ta mayar da mallakar irinsu laifi a 2011. A Jakarta akwai masu watsa ƙusa a titi don babura su yi faci, har wasu 'yan sa-kai suka riƙa fita da maganaɗisu suna tsince su. A Afirka ta Kudu kuwa, musamman a kan manyan hanyoyin N1 da N4 kusa da Pretoria, 'yan fashi na ajiye ƙaya a titi da dare, wani lokaci a lulluɓe da leda ko tsumma, su laɓe a gaba kaɗan suna jiran wanda zai tsaya duba taya.

A irin wannan hali, raunin ƙayar da muka yi ta magana a kansa shi ne gatan matafiyi. Mota na tafiya bayan ta taka. In ka ji ka taka abu a wurin da ba kowa, cikin duhu, ba kuma alamar hukuma, riƙe sitiyari da hannu biyu, ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, kada ka daka birki. In gudu ya sauko, ka kunna fitilun haɗari ka ci gaba da tafiya sannu-sannu, ko da roba ta ƙare ka koma kan rim, wanda ke tare da kai kuma ya kira 'yan sanda ya faɗi inda kuke. Rim zai lalace, tayar ma ta tafi ke nan. Sai an kai inda ke da haske da mutane sannan a sauka a duba.